YATSU UKU SUKA RAGE

*Shafi na 23*

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Masu turo min saƙo tun asuba wai in kashe Inna Kulu, ku yi haƙuri, ran tsohuwa ba a hannuna yake ba. Ke kuma da kika ce kin fasa girki jiya saboda Murjanatu, tashi ki ɗora tukunya, maigidanki bai yi miki laifin komai ba. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta tsallake shafin yau, na dai faɗa.

*

Kullum da safe sai Murjanatu ta gwada yatsunta. Ta zauna bakin katifa, ta ɗora hannuwan kan cinya, ta riƙa lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka shigo da gawar mijinta Sha'aban guda shida ne ke motsi. Yau kwana talatin da tara da rasuwarsa, saura uku: babban yatsa da manuni na hannun dama, sai ɗan ƙaramin na hagu. Sauran sun sandare a tanƙware, fatar ta ɗame tana ƙyalli, ko mintsini ba ta kamuwa.

A wuyan hannunta na hagu akwai 'yar wuƙa ɗaure da tsumma. A gidan nan mai takaba ba ta rabuwa da wuƙa, ita kuwa hannunta ba ya riƙo, shi ne uwar mijinta Inna Kulu ta ɗaure mata da kanta, ta ja ƙullin har sai da ya shige cikin nama. Man shafawar da likita ta ba ta da maganin ɗigawa a ido duk suna cikin akwatin Inna. Ta ce kwalliya ce, mai takaba ba ta kwalliya.

A tsakar gida ana ta dakan gero, gobe sadakar arba'in. Mata sun fi goma, dangi da maƙwabta. Warin fata na tasowa ta bayan katanga, don tun kakanni sana'ar gidan ke nan, su sayi fata da ƙirgi, su zuba gishiri, su shanya, su loda a kai Kano.

Wata sallama ta ji da ta sa ta ɗago da sauri.

"Yaya Ikrima!"

Yayanta ne, malamin Islamiyya a Baure. Ya shigo da ƙurar hanya a ƙafa, ya durƙusa gaban Inna Kulu da ke zaune a gindin darbejiya tana jan carbi. Aka shimfiɗa masa tabarma bai ko kalle ta ba.

"Inna, ina kwananku? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ai gobe ne arba'in ɗin, ko ka manta lissafi?"

"Ban manta ba. Magana ce ta kawo ni, kuma ina so a kira min Jafaru."

Inna ta kalle shi sama da ƙasa, sannan ta ce da wata, "Ke, kira min Babba."

Jafaru, wan marigayi, ya shigo ta ƙofar baya yana goge gishiri a jikin rigarsa. Ƙato ne, wanda ya saba ɗaga ƙirgi biyar a kafaɗa ɗaya. Murjanatu ta lallaɓo ta tsaya bakin ƙofar ɗakinta.

Ikrima ya zaro wani kati daga aljihu.

"Jiya na shiga Kano sayen littattafan yara, na ce bari in biya asibitin nan da katinta. Wata tara ke nan da aka sa sunanta a layin injin haske, kullum ana ce mana ba a kira ba."

"To?" in ji Jafaru.

"Likitarta, Dakta Ummukulsum, ta buɗe min littafi. Lambar marigayi aka rubuta. Tun bayan rasuwarsa an kira sau biyu. Sau biyun wani namiji na ɗauka yana cewa a ba wani."

Ɗaya bayan ɗaya taɓarya ta daina sauka.

"Wayar marigayi a hannun wa take?"

"A hannuna," Jafaru ya ce, ko ƙyaftawa bai yi ba. "Ni na ɗauka, ni na faɗa. Sai me?"

Murjanatu ta dafa ƙyaure da gwiwar hannu.

"Yaya Jafaru, sau nawa ina tambayarku? Ranar Juma'ar nan ma na tambaya, kuka ce min shiru."

"Ke kuma wa ya sa bakinki?" Ya juya ga Ikrima yana wani murmushi. "Sau biyu ta ce maka an kira? Ka tabbata biyu ta ce, Malam?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. Sai ya koma kan Inna.

"Inna, ku saurare ni don Allah. Injin nan guda ɗaya ne, mutane na jira tun daga Sakkwato har Maiduguri. Za ta shiga ne na ɗan lokaci, sau uku a mako, har sau talatin. Likita ta ce hasken na sassauta fatar da ba ta gama ƙamewa ba, wadda ta riga ta ƙame kuwa sai dai haƙuri. Wata mara lafiya ta fasa zuwa, likita ta ce za ta riƙe mana gurbin, amma dole Murjanatu ta isa yau kafin ƙarfe huɗu a gwada fatarta. In ba ta je ba za a cire sunanta gaba ɗaya. Yanzu haka ina jiran kiranta."

"Haske," Jafaru ya maimaita. "Haske ne zai sassauta fata."

Ya fita ta ƙofar baya. Bai jima ba ya dawo yana jan wani busasshen ƙirgi, ya wurga shi gaban Ikrima, ƙura ta tashi. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya yi ƙara kamar ƙyauren langalanga.

"Malam, ka ji? Ranar Lahadi aka feɗe wannan, da hannu ɗaya nake naɗe shi. Me ya mayar da shi haka?"

"Jafaru, ba irin..."

"Na ce me ya mayar da shi haka? Haske! Shekara talatin ina shanya fata, ubana ya yi sittin. Ba mu taɓa ganin wadda ta shiga haske ta fito da taushi ba. Yau kuma wata yarinya mai farar riga za ta koya min fata?"

"Ba hasken rana ba ne. Wani nau'i ne da aka tace, kuma wannan fatar mai rai ce, ba ta saniyar da aka yanka ba."

"Haske dai haske ne."

Matan suka hau gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta ce, "Ai fata sai 'yan gidan nan."

Inna Kulu ta ajiye carbi kan cinya.

"Ka gama, Babba? To ni bar batun fata. Malam Ikrima, a wane littafin ka karanta mai takaba na hawa motar Kano? Ta je ta tuɓe a akwati, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba?"

"Inna, shari'a ba ta hana ta fita neman magani ba. Kwana ne ba za ta yi a waje ba. Ni zan ɗauke ta da safe, in dawo muku da ita kafin magariba, duk ranar da za ta je. Mata ne ke kula da mata a wurin. Ku aika a tambayi duk malamin da kuka yarda da shi a garin Daura, in ya ce na yi ƙarya na haƙura."

Murjanatu ta tako a hankali, gwiwoyinta na ƙin lanƙwasa, ta zube gaban Inna da ƙyar.

"Inna, ku dube ni don girman Allah. Uku suka rage min. Da su nake kai loma baki, da su nake ba 'yata Amatullah abinci in ta dawo makaranta, da su nake tsarki. In suka tafi sai dai wani ya riƙa wanke ni. Shekarata ashirin da takwas, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Kallon nan ba na tausayi ba ne, kowa a wurin ya gani.

"Na ji malam ya kawo shari'a, ni ban yi karatu ba. Amma ina da ido. Kwana talatin da tara ina kallon fuskar nan."

Ta ɗaga murya yadda na bakin zaure ma za su ji.

"Ranar da aka kawo min Autana daga hanyar Mai'aduwa a naɗe cikin tabarma, wa bai yi kuka ba a gidan nan? Maƙwabta sun suma. Mai kawo mana ruwa sai da ya zauna a ƙasa. Ita kuwa tana tsaye a can, haƙora waje, ido a bushe ƙayau. Ranar uku haka, ranar bakwai haka. Har dare nake laɓewa bakin tagarta ko zan ji sheshsheƙa."

"Inna, ciwon ne," Murjanatu ta ce. "Shi ya ja min baki haka, ba murmushi ba ne. Shi ya busar min da ido. Ko albasa na yanka hawaye ba ya zuwa. Maganin da ke akwatinku ai na hakan ne."

"Ciwo ya hana hawaye? Yau na ji sabon salo."

"Wallahi cikina ne ke kukan."

"To ni ba na ganin ciki." Inna ta gyara zama. "Ga mutane nan shaida. Ki zubar wa ɗana hawaye, ɗigo ɗaya tak, in gani da idona. In ya zubo, ki bi yayanki, ni da kaina zan raka ki bakin mota."

"Haba Inna!" in ji Ikrima. "Wannan ai..."

"Kai, ba da kai nake ba."

Mata suka saki turame suka matso suka kewaye ta, har da masu ɗage kai ta bayan wasu, kamar an zo kallon mai wasa da kura.

Murjanatu ta rufe ido, ko da yake fatar idon ba ta gama haɗuwa. Ta kira Sha'aban a zuciyarta. Ta tuna yadda yake tashi kafin kiran assalatu ya ɗumama mata ruwan alwala, don ruwan sanyi na mayar mata da yatsu farare. Ta tuna yadda yake zama da gwangwanin man shanu yana murza mata su ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowanne sunan kasuwar da yake ci. Wannan Zango, wannan Dutsi, wannan Baure garin masu taurin kai. In ɗaya ya ƙi lanƙwasa sai ya ce yau kasuwar ba ta ci ba, mu tara mako mai zuwa.

Ƙirjinta ya cika har numfashi na gagararta. Ta matse idon iya ƙarfinta.

Babu komai. Ko danshi.

"Kun gani ko?" in ji Inna.

"A ba ta lokaci mana," wata ta ce can baya, ba a san ko tausayi ba ne ko kallon ne bai ishe ta ba.

Siddiƙa, matar Jafaru, ta ratso da kofin ruwa. Ita kaɗai ce a gidan ke shiga ɗakin Murjanatu ta ɗaura mata zani in ba kowa. Ta durƙusa ta kai mata kofin baki, sannan ta kamo gefen mayafin Murjanatu ta cusa mata tsakanin yatsu biyun dama.

"Goge fuskarki, kin yi gumi," ta ce a hankali, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Tun kafin mayafin ya kai fuska Murjanatu ta ji ƙamshin. Man zafi ne, an lakuta da yawa. Ta san abin da Siddiƙa ke nufi, ta kuma san ba daidai ba ne. Amma ta tuna ƙarfe huɗu. Ta danna shi cikin idanunta biyu.

Wayyo Allah. Idon da ba ruwan da zai wanke shi, a zuba masa wannan. Ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ta dafe ƙasa da gwiwar hannu tana jan iska ta haƙora, idanun suka kaɗa suka yi jawur, jijiyoyinsu suka fito ruɗu-ruɗu.

Matan suka ƙara matsowa suna leƙe.

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"Ga shi can kamar yana ƙyalli."

"Ina? Man ne dai... kai, wane wari ne wannan?"

Inna Kulu ta buɗa hanci. Ta miƙa hannu ta fizge mayafin daga kan Murjanatu, kai ya bayyana ba kitso, ta shinshina gefen.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku shinshina! Man zafi!"

Aka hau salati ana tafa hannu. Mayafin ya riƙa yawo daga hanci zuwa hanci.

"Wa ya ba ki?" Jafaru ya daka tsawa, idonsa na kan matarsa. Siddiƙa ta ja da baya.

"Ni na shafa tun a ɗaki," in ji Murjanatu. "Ba wanda ya ba ni."

Tas! Inna ta ɗauke ta da mari. Sai kuma ta yarfe hannu tana duba tafinta.

"Ku ji min masifa. Ko marinta ka yi hannunka ne ke ciwo. Kukan ɗana za ki yi min na jabu? Shekara shida yana wahala da ke, ya bar mata masu jini a jika yana shafa wa itace mai, ladansa ke nan?"

Wasu suka yi dariya. Wallahi sun yi, kuma gobe su ne za su zauna gaba-gaba a wurin addu'a.

Ikrima ya tsuguna yana watsa mata ragowar ruwan kofin a ido. Ita kuwa ta ture kofin. Shekara shida ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, yau ta ɗaga.

"Ku faɗi duk abin da kuka ga dama a kaina, amma kun san da yana raye ba wanda ya isa ya yi min haka. Shi ya kai ni Kano. Shi ya tsaya aka rubuta sunana. Kowace Juma'a sai na tambaye shi, ya ce Murja ki ƙara haƙuri, layi na tafiya. Da shi aka kira, da ko a bayansa sai ya goya ni ya kai ni. Kun ci amanarsa, Yaya Jafaru. Kun ci amanar mamaci!"

Jafaru ya tuntsure da dariya.

"Amana? Ni kike kira maci amana?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata waya mai fasasshen gilashi. Ko da idonta ke hazo Murjanatu ta gane ta.

Ikrima ya miƙe zumbur.

"Jafaru, na roƙe ka da Allah, kada ka yi."

"Au, ashe ka sani? Likitar ta faɗa maka sau uku ne, ka zo nan kana cewa biyu."

"Ka bar ta da abin da ya rage mata."

"Yaya, me ka sani?" Murjanatu ta juya tana laluben inda yake. "Wane sau uku?"

Jafaru ya latsa, ya ƙure ƙarar, ya ɗaga wayar sama.

Kukan awaki ya fara fitowa, da hayaniyar kasuwa. Sai murya. Muryar da ta yi kwana talatin da tara tana roƙon Allah ya nuna mata mai ita ko a mafarki.

"Salamu alaikum Yaya. 'Yan asibitin nan ne suka kira yanzu, wai layi ya zo kanmu, mu je Litinin. Na ce musu mun gode, a ba wani. Yaya, na leƙa injin nan da idona ranar da muka je. Fitilu ne jere sama da ƙasa, a rufe mutum a ciki. Ni da kai mun san abin da haske ke yi wa fata. Wallahi ba zan kai matata a shanya min ita ba. Man shanun nan da nake shafa mata ya fi kwanta min a rai, kuma kamar ina ganin sauƙi. Kada ka faɗa mata, ta sa rai da yawa, sai ta karaya. Ko ba na kusa suka sake kira, kada ka yarda. Amana ce na ba ka."

Saƙon ya ƙare da kukan akuya.

Jafaru ya juya fuskar wayar yana nuna wa na kusa.

"Ga kwanan wata nan, wata biyar ke nan. To wa ya ci amana?"

Wata biyar. Murjanatu ta san lokacin. Lokacin yatsunta tara ne ke lanƙwasa, har tana iya yi wa Amatullah kitson kalba. Ta ma tuna ranar, don ya dawo da balangu a takarda, ya zauna yana ba ta a baki. Ta ce masa har yanzu shiru? Ya ce shiru, Murja. Daga nan ya jawo gwangwanin man shanu ya kama Zango ya fara murzawa.

Bai ƙi ta ba. Da ƙin ta ya yi ma da abin ya zo mata da sauƙi. Yana son ta, yana kallon kasuwannin nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa, kuma kowace Juma'a ya dube ta ya ce shiru.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta. Kuka ne, irin wanda ke fitowa tun daga cibiya. Amma bakin a ja yake, haƙora a waje, ido a bushe, sai sautin ya riƙa fita guntu-guntu.

"Innalillahi! Dariya take!"

"An sa mata muryar miji tana dariya!"

"Ni dama na faɗa, ba ita kaɗai ba ce a jikin nan."

Inna Kulu ita ce ke kukan gaske, hawaye shaɓe-shaɓe, tana kiran Autana, Autana. Mata suka rufu kanta suna ba ta baki. Murjanatu na tsakiyar fili kusa da ƙirgin, kai ba mayafi, ba wanda ya taɓa ta.

Wayar Ikrima ta yi ƙara. Ya duba, ya buɗe muryar kowa na ji.

"Malam Ikrima, Dakta Ummukulsum ce. Kun taso?"

"Muna... muna gida tukuna, Dakta."

"Sha biyu da rabi ta wuce fa. Tana kusa? Ba ni ita. Murjanatu, kina ji na? Zuwanki na ƙarshe yatsu tara muka rubuta. Gwada min yanzu, nawa ke lanƙwasa?"

Murjanatu ta ɗora hannuwan kan cinya. Idonta ba ya gani sosai, da ji take ganewa. Babban yatsa ya motsa. Manuni ya motsa. Ta aika wa ɗan ƙaramin na hagu, can ƙasan ƙullin tsumman Inna inda hannun ya kumbura ya yi baƙi.

Ta sake aika masa.

Ta sake.

"Murjanatu?"

"Biyu," ta ce.

Sai likitar ta ce:

"Ku taso yanzu-yanzu. Akwai wata mata zaune a gabana tun safe daga Gumel, ita ke bin ki a layi. Huɗu na yi zan ba ta, ba yadda zan yi."

Murjanatu ta miƙa wa yayanta hannun hagu.

"Yaya, kwance min wuƙar nan."

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ya zare wuƙar ya yanke tsumman da ita. Ya jefar da ita kan ƙirgin. Ya kama ta ta miƙe, Siddiƙa ta tsinci mayafin a ƙasa ta yafa mata, ba ta ko kalli mijinta ba.

Inna Kulu ta ture masu rarrashinta.

"Ina za ki? Ba ki ji da kunnenki ba? Wasiyyar mamaci za ki taka?"

Murjanatu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Allah ya jiƙansa, Inna. Amma shi da yatsunsa goma aka binne shi."

Gidan ya ɗauki salati. Ta ci gaba da takawa, taku ɗaya, taku biyu, ta nufi zaure.

Jafaru ya riga su. Ya ja ƙofar ƙarfen da ke tsakanin tsakar gida da zaure, ya zura sakata, ya datse kwaɗo. Ikrima ya yi kansa, shi kuwa ya shaƙo wuyan rigarsa da hannu ɗaya ya manna shi da bango kamar ɗan akuya.

"Amanar ƙanena ba za ta zube a hannuna ba. Amma kada a ce na kulle mace." Ya ɗaga makullin, ɗan siriri, ya sake shi. Ya faɗi kan siminti ya kwanta shafal. "Ga shi nan. Ta ɗauka da hannunta ta buɗe. Duk wadda ta taya ta, ta haɗa kayanta yau."

Siddiƙa da ta fara sunkuyawa ta tsaya cak.

"Bari, Siddiƙa," in ji Murjanatu. "Ni zan ɗauka."

Ta jingina kafaɗa da bango ta zame a hankali har gwiwoyinta suka bugi ƙasa. Ba ta ganin makullin, sai wani ɗan ƙyalli cikin hazo. Ta shafa simintin da bayan hannu har ta ji sanyinsa. Ta kawo babban yatsa ta gefe ɗaya, manuni ta ɗaya gefen. Ya zame. Ta sake, ya zame. Wayar Ikrima na ƙasa inda ta faɗi, likita na ta cewa, "Kuna ji na? Malam Ikrima, kuna ji na?"

Karo na uku ta tura shi jikin tsagar siminti, bakinsa ya ɗan ɗago. Farcen manuni ya shiga ƙarƙashi. Babban yatsa ya danne.

Ta kama.

"Ta ɗauka!" Siddiƙa ta yi ihu. "Wallahi ta ɗauka!"

Ba wanda ya lura da lokacin da Inna Kulu ta tashi daga gindin darbejiya. Murjanatu dai ta ga inuwa ta rufe ta, ta ji ƙamshin man zafin da ya rage a tafin tsohuwar.

Sai takalmin Inna ya sauka a kan yatsun nan biyu.